Ku Buɗe Rumfar Inna: Ba Inji Ba Ce, Tsohuwar Mai Goro Ce

Zuwa ga Mai Girma Diraktan da ke kula da kasuwar 'yan wasa, a kamfanin wasan nan na tsibirai da jiragen fatauci.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka baki ɗaya. Ina kuma gaida injin nan naku mai amsa wasiƙu, wanda na rubuta wa sau uku da Faransanci, ya amsa mini sau uku da magana iri ɗaya, ko ɗigo bai sauya ba. Sannunsa da aiki.

Sunana Ɗanlami. Tela ne ni a unguwar Albarika, nan Parakou, shekarata arba'in da ɗaya. A cikin wasanku ni ne mai shagon da ake kira Rumfar Inna, wanda kuka rufe yau kwana goma sha biyu. Wannan karon da Hausa na rubuto, kuma a fili, inda duk 'yan wasan garinmu za su gani. Dalilina shi ne, in injinku ya kasa karantawa, dole ku nemo mutum mai rai ya karanta muku, ni kuwa abin da nake nema ke nan tun farko.

Kafin in shiga magana ina neman afuwa. Ƙorafi na kawo, kuma na san mai ƙorafi fuska yake ɗaurewa. Na gwada, ta ƙi ɗauruwa. In ka ga wasiƙar tana tsalle-tsalle ka yi haƙuri, tun ranar da abin nan ya faru nake dariya ni kaɗai a kan keken ɗinki, har jiya na ɗinke wa wani bawan Allah aljihun riga ruf. Ga yadda aka yi.

Na ɗaya: irin ɗan kasuwar da nake kafin Inna

Na fara wasanku shekara biyu da suka wuce, a lokutan da aiki ya yi sanyi. Kai ka fi ni sanin yadda yake: kowa da jirginsa da tsibirinsa, ana tara katako da igiya da ƙusa da alharini da sauransu, a kai kasuwa a sa farashi da kuɗin wasa, waɗanda mu nan muke ce wa piyas. Kasuwar tana jera masu sayarwa daga mai araha zuwa mai tsada, ku kuma kuna cire biyar a cikin kowane ɗari.

Dabarata ɗaya ce tak a lokacin. In na ga wani ya sa katako piyas ashirin, sai in sa goma sha tara. Ya sa goma sha takwas, in sa goma sha bakwai. Haka za mu yi ta gangarawa kamar masu tseren shiga rijiya, har wani ya zo ya kwashe kayanmu duka a banza. Akwai ranar da na sayar da katako ɗari ina murna na ci riba, sai da kuka cire naku na ga ashe aikin kwana uku na yi wa mai saye kyauta. Jirgina kuwa duk tekun nan babu mai faci kamarsa. Tela ne da shi, amma tsumma yake yawo da shi.

Na biyu: wace ce Inna

Mahaifiyata ce, Hajiya Azumi, tana zaune a Djougou. Ta haura saba'in. Shekara arba'in ta yi tana sayar da goro, daga baya ta haɗa da man kaɗanya da take sarowa wurin matan Kolokondé. Ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta karanta ko harafi ɗaya, amma in ta ɗaga huhun goro ta ajiye za ta gaya maka nawa ne a ciki ya fara lalacewa, a kwance a ƙirga a tarar haka ne. Da goron nan ta aurar da mu biyar, da shi ta je Makka.

Shekara uku ke nan gwiwoyinta suka ƙi. Likita ya ce zaman kasuwa ya ƙare. Aka ba wata rumfarta, ita kuma ta koma kan tabarma a ƙofar ɗaki, tare da yayata Rabi, wadda malamar firamare ce. Ranka ya daɗe, ciwon gwiwa bai tayar mana da hankali ba kamar shirun da ya biyo baya. Matar da in tana ciniki ana jin muryarta daga layin masu doya, ta koma sai ka yi mata magana uku kafin ta amsa ɗaya. Abinci ma sai an yi ta lallashi. In na kira ta a waya, daga lafiya lau sai Allah ya yi maka albarka, sai ta miƙa wa Yaya Rabi.

Na uku: yadda ta shigo wasanku

Da ƙaramar Sallar bara na je gida. Ina zaune kusa da ita ina latsa waya, sai na yi tsaki. Ta ce, "Auta, wa ya taɓa ka?" Na ce wani ne ya karya mini farashin igiya da piyas ɗaya. Na zaci maganar ta mutu nan. Sai na ji ta ce, "Igiya nawa ya kasa?" Na duba na ce goma sha biyar. "Kai fa?" Na ce ɗari biyu. Ta gyara zama, abin da na daɗe ban ga ta yi ba, ta ce, "Kai da ɗari biyu kake bin mai goma sha biyar? Ƙyale shi. Tirensa ƙarami ne, kafin la'asar ya tashi. Masu saye na nan, wurinka za su zo."

Kafin la'asar ya tashi. Na sayar da tawa a farashina, ban rage ko ɗaya ba. Da na gaya mata sai ta ce in karanto mata kasuwar gaba ɗaya, kaya da farashinsu. Na karanta har wayata ta mutu. Ba ta taɓa ganin teku ba, ba ta san mene ne tsibiri ba, kuma ba ta tambaya ba. Abin da ta tambaya shi ne: wa ke saye, yaushe yake saye, me zai yi da shi, kuma nawa ne na mai tikiti. Ku ne masu tikiti, Ranka ya daɗe, kada ka ji haushi, haka ake ce wa masu karɓar kuɗin rumfa.

Daga ranar na sauya wa shagon suna. Na dawo Parakou, ita ce ke kira na yanzu, ba ni ke kiran ta ba. Ni ne hannu, ita ce kai.

Na huɗu: dokokinta na sa farashi

Na kawo su ne don ka ga babu sihiri a ciki, babu inji. Duk mai son ya kwafa ya kwafa, ta ce ilimin kasuwa ba ya ƙarewa don an ɗiba.

Ta hana ni baje kaya duka a lokaci guda. In muna da ƙusa ɗari biyar, hamsin za a fitar. Ta ce mai saye in ya ga tudu sai ya ce gobe ma akwai, in ya ga ɗan kaɗan sai ya sa hannu a aljihu.

Ta sa na binciko katako nawa ake bukata a gyara jirgi ɗaya. Goma sha biyu ne. Kowa a kasuwar ɗari-ɗari yake ɗaurewa, ko ɗai-ɗai. Mu muka koma kasawa goma sha biyu-goma sha biyu, muka ɗora piyas biyu a kan kowane katako, kuma namu ke fara ƙarewa. Wanda jirginsa ya fashe ba lissafi yake so ba, so yake ya latsa sau ɗaya ya koma ruwa.

Ta gano ranar kasuwarku kafin ni da na shekara a ciki. Yaƙin teku kuke yi duk Juma'a da yamma, saboda haka Asabar da safe kowa jirginsa a farfashe yake. Talata da Laraba kuwa katako ba mai kallonsa. To, Talata muke saye, Asabar mu sayar. Ta ce ko goro ma ba a sayensa ranar ɗaurin aure.

Ba ta sa farashi sai an fara cire na mai tikiti. Kuma ta tsani farashin nan na ɗari tara da casa'in da tara. Da na bayyana mata cewa dabara ce don abu ya yi kamar bai kai dubu ba, sai ta ce, "Wannan ai ƙarya ce da aka sa wa hula. In dubu ne ka ce dubu." Duk kayan Rumfar Inna farashinsu a dunƙule yake, ko da hakan zai sa mu sauka layi na biyar a jeri.

In wani ya karya farashi har ƙasa da abin da kayan suka ci, ba ma bin sa, saye muke yi. Akwai wani kapiten, wato mai jirgi, da ya yi wata guda yana zubar da kwalta don ya kore mu. Duk abin da ya zubar muka kwashe. Ranar da tasa ta ƙare jirginsa ya tsage, a wurinmu ya saya, kwaltarsa ta jiya. Inna ta ce in sayar masa a farashin kowa, kada in ƙara masa ko piyas, wai ya riga ya biya kuɗin makaranta.

Abu ɗaya ta haramta: ɓoye abinci. A wasanku matuƙan jirgi suna cin busasshen kifi da gurasa, kuma na taɓa ganin damar da za mu kwashe kifin kasuwar mu ninka kuɗinsa uku. Na ce mata ai ba mutane ba ne, zane ne a cikin waya. Ta ce, "Hannun da ya saba a wasa ba ya mantawa a gaske." Ka sa a duba, ba mu taɓa ajiye kifi ya kwana biyu ba.

Sai gyara. Ban sani ba ko a ƙasarku ana yi. A wurinmu in ka sayi goro ƙwarya guda, mai goro za ta ɗora maka biyu ko uku a kai, ba a cikin ciniki ba. Inna ta ce rumfar da ba ta gyara ba rumfa ba ce. Saboda haka duk wanda ya sayi katako a wurinmu, ina aika masa ƙusa biyu ko igiya ɗaya ta akwatin kyauta. Da farko mutane tsoro suka ji, wani ya rubuto yana tambaya ko tarko ne. Daga baya sai ga shi suna tsallake masu araha huɗu suna neman sunanmu.

Na biyar: maganar shuni

Kafin babbar Sallar bana kuka yi shela cewa za a yi gasar ƙawata jirage, wanda zanen jirginsa ya fi kyau shi zai ci. Kasuwa ta rikice. Kowa ya ruga sayen alharini, daga piyas arba'in ya haura ɗari da hamsin. Ni ma nan take na kira Inna na ce mu zuba duk abin da muke da shi. Sai ta ce, "Alharinin nan wane launi ne?" Na ce fari. Ta ce, "Kai tela ne. Farin yadi yana cin gasar kwalliya?" Na ce sai an rina. Ta ce, "Da Layya kowa rago yake nema. Mai hankali gawayi yake tarawa. Nawa ne shuni?"

Piyas takwas ne, Ranka ya daɗe. Takwas! Yana zube ba mai ko kallonsa. Ta ce in saya, amma a hankali, yau kaɗan a wurin wannan, gobe kaɗan a wurin wancan, kada in ta da kasuwa daga barci. Cikin kwana goma muka tara ɗari tara, farashin bai wuce goma sha ɗaya ba.

Ana saura kwana uku gasa mutane suka farga suna riƙe da farin zane. Wayyo, ina ma ka ga kasuwar ranar! Shuni ya tashi ashirin, talatin, arba'in da biyar. Ina ɗinki da ƙafa, ido na kan waya, ina ihu ni kaɗai, har mai shagon gyaran mashin da ke kusa da ni ya leƙo ya ga ko allura ce ta soke ni. Wasu suka kai nasu casa'in. Na roƙi Inna mu bi su, ta ce sittin, daga nan ba ƙari. Ta ce gasa kwana ɗaya ce, mutanen nan kuwa da su za mu wayi gari. A sittin ɗin muka sayar da ɗari shida kafin azahar ta ranar Asabar, Asabar ta biyu bayan Sallah. Na je masallaci na dawo, na tarar da ƙofar Rumfar Inna a rufe da jan rubutu.

Na shida: laifuka uku da kuka lissafa, da amsarsu

Kun ce ana sauya farashin shagon sau uku a rana, kullum a lokaci ɗaya, wai wannan alamar inji ce. Ranka ya daɗe, wannan ladan ne. Inna tana kira na in ta idar da asuba, in ta idar da azahar, in ta idar da la'asar. Ku ɗauko jadawalin sallar Djougou ku ɗora a kan naku, za ku ga sun hau daidai.

Kun ce ana shiga shagon daga garuruwa biyu. Gaskiya ne, ban musa ba. Ranar da aiki ya yi mini yawa, Yaya Rabi ce ke buɗewa a wayarta ta karanta wa Inna farashi. Yanzu na ga dokarku ta hana mutum biyu shiga da suna ɗaya. Ban karanta ba sa'ad da na latsa na yarda, kamar yadda nake zaton ba wanda ya taɓa karantawa. Wannan laifina ne, in da tara a yanka mini.

Kun ce muna aika ƙananan kaya ga ɗaruruwan mutane ba tare da dalili ba. Gyara ce, na riga na yi bayani. In kyautar ƙusa biyu ta zama abin tuhuma a kasuwarku, to kasuwar ce ke bukatar likita.

Na bakwai: zuwana Djougou

Asabar ɗin da la'asar Inna ta kira, na ce mata rezo ne, wato layin sadarwa, ya lalace. Lahadi da asuba ta sake kira, na sake ɗora wa rezo. Na ga ƙarya ba za ta kai ni Litinin ba, sai na rufe shago na hau taksi. Mun tsaya a Onklou direba yana ɗaura buhunan doya, wata mata ta miƙo mini gyaɗa na kasa ci. Abin da nake gani kawai shi ne tabarmar nan da shirun nan suna dawowa.

Da na isa gida na durƙusa na gaida Inna, na ce an rufe rumfa. Ta ce saboda me. Na ce masu wasan sun ce ba mutum ne ke sa farashin ba, robo ne. Ta ce mene ne robo. Yaya Rabi ta ce wani inji ne mai ƙwaƙwalwa, irin wanda ba ya kuskuren lissafi, ba ya gajiya, masu ilimi ne ke ƙera shi da kuɗi masu yawa.

Inna ta dube ni, ta dubi Yaya Rabi. Ta ce, "Su masu abin da kansu suka faɗa?" Na ce da kansu, a rubuce. Ta ce, "Suka duba cinikina suka ce ɗan Adam ba zai iya ba?" Na ce haka suka ce.

Ranka ya daɗe, sai ta rangaɗa guɗa. Guɗar da rabona da jin irinta tun ranar aurena. Kaji suka watse. Ta dafa bango ta miƙe, sandarta tana kwance a ƙasa ba ta ko neme ta ba, ta taka har bakin zaure tana kiran maƙwabta da sunayensu: ku fito ku ji, masu jirgin ruwa sun ce ni inji ce! Ni da na zo da ta'aziyya a baki sai ga ni a tsakiyar biki. Aka aika sayen shinkafa, aka dafa da wake, mata suka cika gidan. Aka sa ni na karanta saƙonku da Faransanci na fassara har sau shida, duk wadda ta shigo sai an maimaita mata. Wata tsohuwar abokiyar hamayyarta a layin goro ta ce ita dama tun da can ta san Azumi ba ita kaɗai ba ce. Kafin magariba unguwa ta raɗa mata Hajiya Robo, kuma tana amsawa.

Ranar kasuwa ta gaba ta ce a kira mata zem, wato mashin ɗin haya. Muka ce gwiwa fa, ta ce gwiwar ba ita za ta tuƙa ba. Shekara uku ba ta taka kasuwar nan ba. Aka ba ta kujera a bakin tsohuwar rumfarta, ta zauna tun hantsi har azahar, mata suna zuwa tambayar ko su saki man kaɗanyarsu yanzu ko su riƙe. Ta dawo gida muryarta a dishe, ta cinye tuwo malmala biyu. Yaya Rabi ta shiga ɗaki ta yi kukanta ta fito.

Saboda haka, kafin in ci gaba, na gode. Da gaske nake. Abin da magani da lallashinmu suka kasa, kuskuren injinku ya yi shi a yini ɗaya.

Na takwas: kalmar da ban fassara ba

Nan ne dariyar take tsayawa. A ƙarƙashin saƙon naku, da kuma a kan allon kasuwa inda kowane ɗan wasa ke gani, kun manna wa Rumfar Inna kalma ɗaya da jan rubutu: tricheur. Sau shidan nan da na karanta, duk tsallake ta na yi. Yaya Rabi ta gani, ta dube ni, ita ma ta rufa mini asiri.

Amma akwai masu wasan nan a Djougou, kuma na san in na saki wannan wasiƙa maganar za ta kai kunnenta kafin Juma'a. Gara ta ji daga bakina. Shekaranjiya na kira ta na gaya mata cewa ba inji kaɗai kuka ce ba, kun kuma rubuta cewa mai rumfar maha'inci ne, irin mai tauye mudu.

Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce, "Auta, ɗauko alƙalami." Ga abin da ta ce in rubuta, ban ƙara ba ban rage ba:

"Ka gaya wa mai kasuwar, inji na yarda, na ma gode. Amma shekara arba'in ina zaune a kasuwa, ba wanda ya taɓa dawo mini da goro ya ce na cusa masa ruɓaɓɓe a ƙasa. Ban gaji gona ba, ban gaji shanu ba, sunan nan shi ne abin da zan bar wa 'ya'yana. In rumfarsa ce yake so, ya riƙe. Shunin ma ya riƙe. Sunana zai ba ni."

Wataƙila a wurinku wannan kalma maɓalli ce kawai da inji ke latsawa. A wurinmu in aka kira ɗan kasuwa da ita a bainar jama'a, har jikokinsa sai an nuna da baki.

Abin da nake roƙo

Na farko, kuma shi ne babba: a goge kalmar nan daga allon kasuwa, a rubuta a wurin cewa kuskure aka yi, ya kwana a can adadin kwanakin da ita ta kwana.

Na biyu, a buɗe Rumfar Inna. Akwai shuni ɗari uku a mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya. Gasa ta wuce, na san yanzu ya koma takwas ɗinsa ko ƙasa, kuma ba mu nemi ku biya mu ba, Inna ta ce faɗuwa ma ciniki ce. Amma akwai mutum goma sha ɗaya da suka saya a awar ƙarshe ba a kai ga aika musu gyararsu ba, kullum sai ta tambaye ni su.

Na uku, ku samar da hanyar da iyali za su riƙe shago ɗaya da saninku. Ba ni kaɗai ba ne mai tsohuwa a gida da kasuwa a cikin kanta.

Na huɗu, kafin a rufe wa mutum shago a kira shi da mummunan suna, a sa ɗan Adam ya tambaye shi tukuna. Ko a kasuwar ƙauye sarkin kasuwa ba ya kwashe wa mutum tire sai ya ji ta bakinsa.

In kuna shakkar maganata, ku turo wanda kuka yarda da shi. Ya sauka a Parakou, ni zan biya masa taksi zuwa Djougou. Ya zo da injinku a aljihu, a karanto musu kasuwa su biyu, injin da Inna, kowa ya faɗi farashinsa, a jira Asabar. Ina dai ba shi shawara ya karya kumallo sosai.

Na ƙarshe ba nawa ba ne, nata ne. Ta ce in tambaye ka ko mahaifiyarka tana da rai. In ta rasu, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. In kuwa tana nan, ta ce kada ka kai wasiƙar nan ofis tukuna. Ka je gida ka zauna kusa da ita, ka karanta mata daga farko har ƙarshe da harshen da ta yi maka reno da shi. Duk hukuncin da ta yanke, mun karɓa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci kasuwarka, ya cika ta da masu saye. Allah ya tsare ka daga yanke hukunci a kan wanda ba ka ji ta bakinsa ba, ya ba ka 'ya'yan da za su tsaya wa sunanka ranar da ƙafarka ta gaza. Amin.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ɗanlami Tela, Albarika, Parakou,
a madadin Hajiya Azumi mai goro, Djougou.